Shekarar da Kawu ya shuka gero sau uku

Ƙarfe biyu na dare ne yanzu, ina zaune tsakar gida bisa tabarma da jiƙaƙƙen tawul a wuya ina danna waya, don ɗaki ba ya shiguwa. An ɗauke wuta tun la'asar, fankar caji ta yi iya ƙoƙarinta ta mutu, in ka dafa bango sai ka ji kamar tanda. Sau biyu ina tashi ina yayyafa wa yara ruwa, katifarsu ma sai da uwarsu ta jiƙa ta kafin su kwanta amma kafin ka ce kwabo ta bushe ƙayau. Ruwan randa da muke taƙama da shi yau ɗumi gare shi kamar wanda aka ajiye wa mai jego. Ƙarshen watan Mayu ke nan a Sakkwato, wanda ya sani ya sani.

Na san abin da wasu za su ce, ai ku Sakkwatawa kullum cikin kukan zafi kuke, yaushe garinku ya taɓa sanyi? Gaskiya ne, mu da zafi tare muka tashi, digiri 42 ko 43 da rana a watan Afrilu ba labari ba ne wurinmu, ko a majalisa ba a tsayawa zancensa. Dare ne ya canza. Ina yaro in muka yi shimfiɗa waje, da sha biyu ta gota akwai wata 'yar iska da ke tasowa daga wajen fadama, kafin asuba har sai Inna ta lulluɓe mu da zane. Yanzu kuwa ladan zai kira assalatu kana juyi kana fifita da kwali, ka tashi da ciwon kai ka tafi aiki kamar wanda aka kwana ana jibga. Jiki yana jure rana in ya san dare na zuwa ya huta, to daren ne aka ƙwace mana.

Ba zan manta azumin 2024 ba. Ƙanƙara ta zama gwal, layi tun azahar a gidan masu firiza mai sola, a yanko maka guntu kamar sabulun wanki a ɗaure a leda, ka hau kabu-kabu kana addu'a kar ta narke kafin ka kai gida. A cikin azumin nan ne, ranar 3 ga Afrilu, aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibiti a Bamako ya cika da tsofaffin da zafi ya kayar, masanan da suka bi diddigin abin kuma suka ce irin wannan zafi ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo wa duniya ba. Bayan wata biyu aka yi aikin Hajji, zafi a Makka ya kai 51.8, mahajjata sama da 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. Da shekara ta ƙare aka yi lissafi, aka ce tunda aka fara ajiye awon zafin duniya ba a taɓa ganin shekara irin 2024 ba, ta ɗara zamanin da ba a cika duniya da masana'antu ba da wajen digiri 1.5. In ka ji digiri ɗaya da rabi sai ka ce to mene ne a ciki, amma tuna jikin ɗanka, 37 lafiya lau yake wasa, 38.5 kuwa ka saɓa shi sai kemis.

Wanda ya sa ni wannan rubutun dai Kawu ne, yayan Inna, yana noma a wani ƙauye gefen Wurno. Ya haura saba'in, bai taɓa zama benci a makarantar boko ba, amma kalandar damina a kansa take. Yana duba taurari, yana ƙirga watannin manoma, shi ne mutum na farko da na ji ya ce watan bakwai maƙarar rani ko ba ruwa da alama. In shamuwa ta dawo ta fara sheƙa bisa icce, in gawo ya fara zubar da ganye, in iska ta juyo, sai ya ce a gyara sungumi. Tun ina ƙarami har na yi iyali ban cika ganin lissafinsa ya kauce da fiye da 'yan kwanaki ba, mutanen ƙauyen ma shi suke kallo, in ya fita shuka kowa ya fita.

Bara ruwan farko ya sauka farkon Yuni, ruwa mai kyau, ya tona ƙasa da hannu ya ga laima ta kai taƙi guda, washegari aka fita, shi yana gaba yana sara da sungumi yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Gero ya tsiro kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Daga nan sama ta ɗauke. Kwana ashirin ba ɗigo, hadari zai haɗo gabas baƙi ƙirin a yi ta murna sai ya ƙare a iska da ƙura, yashi mai zafi ya bi tsiron nan ya ƙone shi tas. Aka sake ruwa, ya sake shuka, aka sake yi masa irin ta farko. A karo na uku irin da ya ɓoye a tukunya tun kaka ya ƙare, sai da ya kai ɗan akuya kasuwa ya auno iri, mutumin da a da shi ke ba maƙwabta. Wannan shukar ta kama, muka ce alhamdulillahi, sai ga wani daren Laraba cikin Agusta, ruwa tun bayan isha'i har hantsi kamar da bakin ƙwarya. Shinkafarsa ta fadama ta kwana shida ƙarƙashin ruwa ta ruɓe, gonar tudu kuma ruwa ya yanka mata kwari a tsakiya, na shiga ciki da kaina ya kawo mini ƙugu. Gonar da ke ba shi dami saba'in, dami ashirin da uku ya ɗaure.

Da na je yi masa jaje na same shi gindin rumbu yana gyaran igiya, na durƙusa na gaishe shi na ce, Kawu sai haƙuri, bana ruwa ne suka yi ƙaranci. Ya ɗago ya dube ni irin kallon da yake mini tun ina firamare.

Ya ce, "Kai ɗan boko, wa yac ce maka ruwa sun yi kaɗan? Ruwan da anka yi daren Larabar nan kaɗai, da an raba muna su kashi biyar da na cika rumbun ga. Ruwa suna nan. Alkawali na sunka bar cikawa."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, don da na dawo gari na yi ta karance-karance sai na tarar abin da masu na'ura da tauraron ɗan'adam suka gano ke nan, tsoho ya faɗe shi a jimla uku yana murza igiya. Mu abin da muka gada tsoro shi ne fari. Kakanni suna ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa mutanen arewa da mu suka yi ta kwararowa da ƙoƙo a hannu. Shi ya sa da an ce sauyin yanayi sai hankalinmu ya tafi kan ƙarancin ruwa. Alhali daga shekarun 1990 zuwa yau ruwan sama a yankin Sahel ya ɗan farfaɗo in aka haɗa na shekara gaba ɗaya, yadda yake zuwa ne ya lalace. A 2017 wasu masana daga Ingila da Faransa suka fitar da bincike bayan sun duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka ga manyan hadarurruka masu zubar da ruwa kamar hauka sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara tana ƙara zafi da sauri fiye da ƙasashen da ke kudu da mu, wannan bambancin shi ke ƙara wa hadari ƙarfi, mu kuma muna tsakiya. Ga kuma wata ƙa'ida da ba ta canzawa, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa wajen kashi 7 cikin 100. Wato tana tsotse laimar gonarka da sauri, ta riƙe ta riƙe, ranar da za ta saki kuma ta sako maka duka lokaci guda. Garin da ruwansa na shekara bai wuce milimita 600 zuwa 700 ba, cikin wata huɗu kacal, in aka zubo masa 100 a dare ɗaya bisa ƙasar da ta bushe ta ƙanƙame ba ciyawa ba icce, ina za ta sha? Wucewa zai yi da taki da iri da katangar laka.

Mu nan ba sai an ba mu labari ba. Wa ya manta Satumbar 2010, da Rima ta cika ta batse ta shafe ƙauyuka daga Goronyo har Kware da Wamakko da Silame, gadar hanyar jami'a ta karye sai da kwalekwale ake ƙetarawa? Shekara takwas bayan haka, a 2018, madatsar Goronyo ɗin nan dai ta janye har mutane na tafiya da ƙafa inda da ruwa ne, gari ya shiga wahalar ruwan famfo. A 2020 ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi, a 2022 ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, a Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri har gidan namun daji. Ban ce duk laifin sama ba ne, akwai magudanan da muka toshe da ledar fiya wata, akwai gidajen da aka gina kan hanyar ruwa, 'yan Mabera sun fi ni sanin wannan duk damina. Amma ruwan da ke zuwa ya tarar da sakacin namu shi ma ba irin na da ba ne.

To me ya kawo wannan duka? A teburin mai shayin unguwarmu an kasu. Akwai mai cewa ƙaryar Turawa ce, sun gama cin moriyar mai yanzu suna so su hana mu haƙo namu. Akwai mai cewa masu saran icce ne. Akwai mai cewa zunubanmu ne kawai a koma ga Allah. Ni kuma da na fara bayani sai a ce to malam ya zo, a ƙara masa madara.

Abin ba shi da wuyar ganewa. Ka taɓa barin mota a rana bakin kasuwar Kara ka ɗage gilasai? Hasken rana yana shiga, zafin kuma ya kasa fita, in ka dawo sitiyari ba ya taɓuwa. To kusan haka sararin sama yake yi wa duniya. Akwai wasu iskoki a cikinsa, daga cikinsu akwai iskar kabon, da ke barin hasken rana ya shigo amma su tare wani kaso na zafin da ƙasa ke mayarwa sama. Asali rahama ce, ba don su ba da duniya ta daskare, matsakaicin zafinta da ya zama wajen digiri 18 ƙasa da sifiri. Matsalar ita ce yawa. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan, da aka fara auna ta kullum a kan wani dutse a Hawai a 1958 ta kai 315, yau ta haura 420. Daga ina ƙarin ya fito? Daga kwal da fetur da gas da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa aka ƙona, a tashar lantarki da masana'anta da mota da jirgi. Siminti ma yana da nasa kason, wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100, don in aka gasa dutsen farar ƙasa kabon yake fitarwa. Sai ƙone manyan dazuzzuka irin na Amazon da Kwango da Indunusiya. Sai wata iskar da ake kira mitan, wadda ke fitowa daga gyatsar shanu da gonakin shinkafa masu kwantaccen ruwa da juji da rijiyoyin gas, wato Gudalinmu ma ba su fita ba, ko da yake su ba su san ana yi ba.

Kuma ba jiya aka gano ba. Tun 1896 wani masani ɗan ƙasar Siwidin mai suna Arrhenius ya zauna da alƙalami ya lissafa cewa in kabon ya ƙaru a sama duniya za ta yi zafi. Ka duba fa, shekara bakwai ke nan kafin Turawa su zo su yi yaƙi da Sarkin Musulmi Attahiru a Giginya a 1903. Lokacin ko ɗigon mai ba a haƙo a Najeriya ba, sai 1956 aka same shi a Oloibiri, to wa ake so a hana haƙowa a 1896? Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kabon ba ya saurin barin sama, wani kaso nasa yana ɗaruruwan shekaru, ma'ana hayaƙin kwal ɗin da aka ƙona a Ingila kakan Kawu yana yaro har yanzu da sauransa bisa kanmu.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a wannan harka dai karin maganar ta faɗi ƙasa. Afirka gaba ɗayanta, mutum sama da biliyan ɗaya, hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Chana ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 30 a yanzu, in kuma aka haɗa tun farko ba wanda ya kai Amurka. Ɗan Najeriya a shekara bai kai tan 1 ba, Ba'amurke yana wajen tan 14. Kawu kuwa ko keke bai da shi, fitilarsa mai batir ce, jakinsa kara yake ci. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ana ta taro kuma, a 2009 a Kopenhegen ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020 don tunkarar sauyin yanayi, ba su cika ba sai 2022, mafi yawansa ma bashi ne. A 2015 aka yi yarjejeniyar Faris cewa za a yi ƙoƙari kar zafin ya wuce digiri 1.5, Amurka ta fita ta dawo ta sake fita. A 2024 a Baku aka ce yanzu biliyan 300 ne. Mu ma a 2021 shugaban ƙasa Buhari ya je Gilasgo ya ce Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake tsotsewa daga sama nan da 2060, alhali har gobe ana ƙona gas a banza a Neja Delta dare da rana, mu nan muna kwana cikin duhu. Duk biliyoyin nan da ake ambata, ɗan akuyar Kawu dai ya tafi.

Sai dai in na tsaya nan na yi son kai, don ni ma akwai abin da na aikata. A ƙofar gidanmu na gado akwai wani dogon yaro da Baba ya dasa tun kafin a haife ni, mutum biyu ba sa zagaye shi da hannu, nan ake zaman hantsi, nan mai gyaran takalmi yake, nan akuyoyin unguwa ke kwanciya, in ka shigo daga rana ka tsaya gindinsa sai ka ji kamar an zuba maka ruwa. Da aka zo rabon gado muka ce a fitar da shago biyu a bakin hanya don a riƙa samun na cefane, iccen kuma ya tsaya daidai inda harsashi zai bi. Ni na nemo mai injin yanka, ni na yi ciniki da shi. Cikin awa biyu aka kwantar da abin da ya yi shekara hamsin yana tsaye, Inna ba ta ce komai ba, ta dai shige ɗaki ta ja labule. Yanzu da rana wajen ba ya tsayuwa, mai shagon da kansa ya kafa rumfar buhu. Haka muka rushe soron kakanmu mai kaurin bango da azarar giginya, wanda ko a tsakiyar Afrilu in ka shiga sai ka yi barci, muka yi bulo da kwano muka malale tsakar gida da siminti don kar a ce mu 'yan da ne. Ga ni nan zaune bisa simintin yana gasa ni ta ƙasa.

To ka ga mai cewa masu saran icce ne yana da rabin gaskiya. Iccen da aka sare a Tangaza ko Gudu ba shi ne ya ɗumama duniya ba in ka gwada da kwal ɗin Chana, amma shi ne garkuwarmu, shi ke tare iska, shi ke riƙe ƙasa, shi ke sa ruwa ya tsaya ya nutse. Wasu ne suka hura wutar, mu kuma muka tuɓe riga. Yara nawa ne ke tare kabu-kabu su ce a kai su Gawon Nama alhali ko an nuna musu gawo ba za su gane shi ba? Ba na kuma ganin laifin matar da ke dafa tuwo da icce, tunda aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ya fi ƙarfin talaka, gidaje da yawa da suka saba da silinda sun koma kurfoti, har da nawa, buhun gawayi na nan jingine a kicin ina kallonsa. Ka fita hanyar Dange ko ta Bodinga da sassafe ka ƙirga motocin icce da ke shigowa gari. Ba mugunta ke kawo su ba, tukunya ce ke kiran su.

Shi kuma mai cewa a koma ga Allah, ni ma da shi nake. In aka kira sallar roƙon ruwa ina sahun gaba da tsohuwar riga. Amma ai a cikin Suratur Rum aya ta 41 aka gaya mana ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, ban ga inda wannan ya saɓa da abin da masu awo ke faɗa ba. Kuma akwai hadisin da ya ce ko alƙiyama za ta tashi in akwai dashe a hannunka ka dasa shi. Da na faɗi haka a teburin mai shayi sai mutumin ya ce to ai kai ne ka sare na ƙofar gidanku, aka kwashe da dariya, na sha shayina na yi shiru.

Zancen tsaro kuwa ba zan daɗe a kai ba don ana yawan fakewa da shi. Gaskiya ne mashaya ta ƙafe, burtali ya zama gona, makiyayi da manomi sun matsu wuri ɗaya, tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai ya bar mutane ba sana'a. Amma wanda ya ɗauki bindiga ya hana mutanen Isa da Sabon Birni zuwa gona ba zafin rana ya aike shi ba. Abin da na sani shi ne samarin ƙauyen Kawu da ke tafiya cin rani bayan kaka su dawo da ruwan farko, yanzu da yawa ba sa dawowa, suna can Legas da Fatakwal suna tura baro, tsofaffi aka bar wa sungumi.

Duk shekara ana bikin dashen itatuwa, a zo da kujeru da rumfa da masu ɗaukar hoto, babban baƙo ya tsuguna ya dasa ɗaya a zuba masa ruwa a buta ya wanke hannu, bayan sati biyu akuya ta gama aikinta. Akwai ma babban shirin nan na Tarayyar Afirka da aka fara a 2007, katangar itatuwa mai tsawon kilomita 8,000 daga Senigal zuwa Jibuti, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya. Ni dai abin da ya fi burge ni ba shi da nisa da mu, 'yan'uwanmu ne na Maraɗi da Damagaram. Bayan farin 1984 manoma a can, da taimakon wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka gane cewa kututturen da ake sassabewa duk shekara ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Maimakon a share gona fes, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture a bar su, a datse sauran. Ba dashe, ba ban ruwa, ba kwangila. A haka aka dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Da yawansu gawo ne, shi kuwa gawo kowane manomi ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana ya kuma zame masa taki, da rani ya yi ganye ya ba dabba inuwa da 'ya'ya. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ma ta fi tamu bushewa.

Na kai wa Kawu wannan labarin ina zumuɗi kamar na zo da sabon abu, ya ce ai haka ubansu ke yi, malaman gona ne suka zo zamanin da suka ce a tumɓuke komai don garmar shanu ta wuce. Bana dai ya bar sabara da kalgo da 'yan gawo guda bakwai a gonar tudu, ya kuma jera duwatsu da kara a bakin kwarin nan. Ni ma na dasa dogon yaro biyar a bayan gida, na kewaye su da tsohuwar taya da ƙaya, ruwan alwala ake zuba musu. Akuya ta ci uku.

Ɗazu bayan magariba ya kira ni da wayar jikansa, abin da bai taɓa yi ba a kan maganar ruwa. Bayan gaisuwa ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Shamuwa ta iso tun shekaranjiya, ga hadari nan gabas. Wai ku waccan hukuma taku ta masu duba sama, mi tac ce bana?"

Na buɗe hasashen NiMet, hukumar duba yanayi ta ƙasa, na karanta masa abin da suka rubuta kan Sakkwato, lokacin da suke sa ran damina ta kankama da gargaɗin da suka yi kan ɗaukewar ruwa bayan shuka. Ya saurara har na gama, ina jin kukan jakinsa ta cikin waya. Na ce Kawu to yanzu in an yi ruwa daren nan za ku fita?

Ya ce, "Rabi za ni shukawa. Rabi shi zauna cikin tukunya."